Garin Fulawa Ma Yana Fashewa

Yaya na ta tsokanata wai na zo Turai karatun ƙura, alhali hunturu na kawo mana ita kyauta. To Yaya, waccan ƙasa ce, ba ta cin wuta. Tawa ita ce ta fulawa, sukari, katako da kwal, wadda in ta tashi a rufaffen ɗaki ta samu tartsatsi, sai ta tashi kamar bam.

A watan Disamba 1785 hakan ta faru a wani gidan burodi a Turin ta Italiya, gari ya zubo kusa da fitila. Count Morozzo ya bincika ya rubuta rahoto. Duniya ba ta ɗauki darasi ba. A 1878 kamfanin niƙa na Washburn a Minneapolis ta Amurka ya tarwatse, mutum 18 suka mutu.

Gwaji na sosai ya kankama ne a hukumar ma'adinai ta Amurka, inda Irving Hartmann ya fito da wani bututu mai cin lita 1.2. A zuba gari, a hura iska, a kunna tartsatsi, a auna. Matsalarsa ƙanƙanta: bangon bututun na shanye zafi, sai ƙura ta nuna kamar ba ta da ƙarfin da take da shi a babban rumbu. Wannan kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne, domin da alkaluman ake yanke girman ƙofar da za ta saki matsi. Wolfgang Bartknecht ya koma ga tanki mai lita 1,000, amma shi kuma akwai cin gari da lokaci. A 1977 Richard Siwek ya nuna cewa tulun ƙarfe mai lita 20 na ba da sakamako daidai da na tankin. Irinsa nake aiki da shi. Da shi ake kasa ƙura aji uku. Garin alminiyom mai laushi kan faɗa na uku, mafi muni.

Abin da ke ci mini rai shi ne Imperial Sugar a jihar Georgia, Fabrairu 2008. An daɗe da sanin sukari na fashewa. Duk da haka aka rufe bel ɗin da ke jan sukari da faranten ƙarfe, ba a sa abin zuƙe ƙura ba. Mutum 14 suka rasu.

A gaida su Inna da yara. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.