Gado da Rumbu: Tarihin Girman Yaro a Ɗan Issa

Tun zamanin da Katsinawan Sarki Ɗan Kasawa suka kafu a Maraɗi, bayan da jihadi ya raba su da birninsu a 1807, mutanen kwarin Maraɗi, wanda Ɗan Issa ke kudancinsa dab da iyakar Jibiya, hukunci guda suke yanke wa yaron da ya ƙi tsawo: a dubi ubansa, a tuna kakansa, a ce gado ne. Hukuncin yana da ƙamshin gaskiya, domin masana sun tabbatar cewa inda cimaka ta wadata, galibin bambancin tsawo tsakanin mutane daga jinin iyaye yake, kuma amosanin jini ba ya bayyana ga yaro sai ya gaje shi ta wajen uwa da uba baki ɗaya.

Sai dai wanda ya bi tarihin rumbunan ƙasar nan, daga yunwar Ƙaƙalaba ta 1914, zuwa farin 1973, zuwa yunwar 1984 wadda aka laƙaba wa El Buhari saboda rufe iyaka, lalle zai fahimci cewa kakan da ake kafa hujja da shi, shi ma cikin ƙunci aka yaye shi. Al'ada kuma ta ƙara nata: a zubar da dakashi bisa zaton yana cutarwa, alhali shi ne garkuwar farko ta jinjiri; in ciki ya shiga kafin yaye, a cire yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi wurin kaka ya dogara ga kunu, ko da yake Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya yi nufin cika shayarwa.

Shekarar 2005 ce ta fito da al'amarin fili. Bayan farin ɗango da ƙarancin ruwan 2004, hatsi yana nan a kasuwa amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka buɗe wuraren jinya a jihar Maraɗi, Ɗan Issa na ciki, suka yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar. Abin da aka riƙa ba su, watau Plumpy'Nut, gyaɗa ce da madara da mai da sukari da ƴan sinadarai, kuma abin takaici ne a ce ƙasar da ta yi suna da noman gyaɗa ita ce ta jira a kawo mata shi daga Faransa.

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin girman yara, bayan auna fiye da 8,000 a Ghana, Indiya, Oman, Barazil, Norwe da Amurka, aka tarar cewa waɗanda suka sha nono, suka ƙoshi, suka tsira daga cuta, kusan tafiya ɗaya suke yi a tsawo har shekara biyar, duk da saɓanin asalinsu.

Saboda haka ina roƙon magidanta, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ke ƙarewa zazzaɓin cizon sauro kuma yana tsananta, su tabbata mai ciki da mai goyo sun ƙoshi, su karɓa wa yara rigakafin zazzaɓi, su kai su awo a kan kari.