Ilimin Ƙarfin Kayan Gini: Daga Azara Zuwa Madatsar Bakolori

Ilimin ƙarfin kayan gini reshe ne na aikin injiniya da ke nazarin halin da ƙarfe, katako, kankare da ƙasa kan shiga idan an ɗora musu nauyi. Wani abu yakan miƙe ya koma yadda yake, wani ya lanƙwashe ya zauna a haka, wani kuwa ya karye ba sallama. Nauyin kan zo ne ta danniya, ko ta ja, ko ta lanƙwasa wadda ta haɗa biyun.

Tun kafin fannin ya sami suna, masu sana'a a ƙasar Hausa sun san shi a aikace. Magini a Dakko ta ƙasar Bakura, kamar takwarorinsa na sauran garuruwa, ya san tubali na jure danniya amma ba ya jure ja. Shi ya sa yake jera azarar giginya a rufin soro, ba ya kuma barin tazara ta wuce kamar mita biyu, don kada azarar ta sunkuya. In ana son zaure mai faɗi, sai a ɗaura azara hawa-hawa cikin laka a fitar da bakan gizo. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Maƙeri ma ya san ƙarfen da ya yi ja a wuta yana bin masaba, wanda aka tsoma a ruwa kuwa yana tauri, amma in taurin ya yi yawa sai bakin gatari ya ɓantare.

A Turai ne aka mayar da wannan sani lissafi. Galileo ya yi rubutu kan karyewar katako a 1638. A 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa miƙewar abu na tafiya daidai da ƙarfin da ya ja shi, muddin ba a wuce iyakarsa ba, sannan Thomas Young ya kawo ma'aunin tauri a 1807. Joseph Aspdin ya yi rajistar simintinsa a 1824. Sai dai kankare na da halin tubali: abin da yake jurewa na ja kusan kashi ɗaya cikin goma ne na danniya. Maganin shi ne a saka masa rodi, dabarar da Joseph Monier, wani mai lambu a Faransa, ya yi wa rajista a 1867. Nazarin ƙasa ne ya zo a ƙarshe, da littafin Karl Terzaghi na 1925 da gwajin daddalewa na Ralph Proctor na 1933.

Duk waɗannan sun haɗu a madatsar Bakolori da ke kan Kogin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, take kuma shayar da gonakin Talata Mafara, Bakura da Maradun. An gina ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Matsin ruwa kuwa na ƙaruwa da zurfi: kowace mita ɗaya ƙasa tana ƙara kusan tan ɗaya a kan kowace murabba'in mita ta bango.

Saboda haka aka ba kowane abu aikin da ya dace da shi. Tsakiya, inda ruwa ke ficewa da ƙarfi, kankare ne mai tsawon mita 360 da tsayin mita 48. Sauran jikin madatsar, mai tsawon kilomita biyar da rabi, ƙasa ce. A irin wannan gini akan zuba ƙasa shimfiɗa bayan shimfiɗa, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, rola ta daddale ta. Kankare kuma akan ɗebi samfurinsa a murƙushe a na'ura bayan kwana 28 don a ga ko ya kai ƙarfin da ake so.

Arewa ta ga abin da kan faru idan ruwa ya fi ƙarfin bangon ƙasa. A watan Agustan 1988, bayan mamakon ruwan sama, madatsar Bagauda da ke kusa da Kano ta ɓalle, ta share gidaje da gonaki, aka yi asarar rayuka. Irin wannan haɗari ne ya sa masu kula da madatsu ke bin jikinsu suna neman tsaga, yoyo da wurin da ƙasa ta nutse, musamman a tsakiyar damina lokacin da tafki ya cika.