Bal Tashhit da hutun gona: kare muhalli a addinin Yahudawa

Bal Tashhit kalma ce ta Ibrananci mai nufin hana ɓarna. Ita ce ginshiƙin koyarwar Yahudawa kan muhalli. Asalinta yana cikin Attaura, littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 20, inda aka hana mayaƙan da suka yi wa gari ƙawanya sare itatuwa masu 'ya'ya. Daga baya malamai suka faɗaɗa hukuncin. Musa bin Maimun, malami kuma likita da aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya shigar da fasa kwanuka, yaga tufafi, rushe gini, toshe maɓuɓɓugar ruwa da lalata abinci a banza cikin wannan hani.

Tsabtar gari

Mishna, kundin dokokin da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ta tsara inda za a ajiye abubuwa masu cutarwa. Mushe, maƙabarta da majema dole su yi nisan kamu 50 da gari, wato kimanin mita 25. Majema kuma a gabas take zama, don iskar ƙasar ta fi kaɗawa daga yamma, sai ta tafi da wari nesa da gidaje. Masussuka ma an nisanta ta saboda ƙaiƙayi. Sama da duk waɗannan akwai ƙa'idar Pikuwa Nefesh: ceton rai ya fi kusan kowace doka, har da hutun Asabar.

Shekarar hutun ƙasa

Littafin Firistoci, sura ta 25, ya umarci a huta da noma duk shekara ta bakwai, abin da ake kira Shemita. Ba shuka, ba gyaran kurangar inabi, abin da ya tsiro da kansa kuma na kowa ne, har talaka da dabba. Manomin Sahel da ya san amfanin barin gona ta zama saura zai gane hikimar. Shemita ta ƙarshe ta fara a Satumban 2021, mai zuwa za ta fara a 2028.

A Isra'ila batun na jawo saɓani. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wasu malamai suka halatta a sayar da gona ga wanda ba Bayahude ba na ɗan lokaci, don kada manoma su talauce. Wasu na ganin dabara ce ta kauce wa doka.

A yau

Ranar 15 ga watan Shebat, da ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, ita ce sabuwar shekarar itatuwa. A da lissafin zakkar 'ya'yan itace ake yi da ita. Yanzu ta zama ranar dashen bishiyoyi da faɗakarwa kan muhalli, musamman a makarantu.