Irin Dawar Wad Madani Ya Yi Hijira Zuwa Tsibirin Ƙanƙara

 Zancenmu na wannan mako a kan irin shuka ne, kuma a Sudan ya faru, a yankin Jazira da bakin Shuɗin Nilu, inda 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani suka haura shekara ɗari da zama.

Yadda suka je can sananne ne. A 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya yi gabas, har suka sauka kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ban da su akwai mahajjatan ƙasa, waɗanda kan tsaya su yi noman damina ɗaya ko biyu don neman guzuri, wasu kuwa tsayawar ke nan har jikoki. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. A lokacin auduga ta gwamnati ce da kamfani, amma abin da ke shiga tukunya dawa ce, wadda Larabawan can ke ce wa dura, su yi kisra da asida da ita, mu kuma mu tuƙa tuwo.

To, ita dawar nan a gida take. Masu tonon kayan tarihi sun sami alamarta a jikin fasassun tukwane kusa da Kasala, alamar da ke nuna an fara mayar da ita abin nomawa a gabashin Sudan kusan shekara 5,000 da suka wuce. Shi ya sa launukanta suka yi yawa a ƙasar: mai saurin nuna, mai jure fari, mai zaƙin kara, mai son baƙar laka. Makiyayan can sun san Abu Sab'in, wadda ake shukawa don dabbobi. Ko ciyawar da manoman Amurka ke kira ciyawar Sudan, a 1909 aka kai musu irinta daga Hartum. A tashar binciken noma ta Wad Madani kuma Gebisa Ejeta, ɗan Habasha, ya yi aikin da ya fitar da Hajin Dura 1 a 1983, dawar aure mai yawan albarka.

Sai dai sabon iri mai yawan buhu yana da nasa sharrin. In ya shigo gari, kowa sai ya koma kansa, na kaka da kakanni ya ɓace ba tare da wani ya lura ba. Ranar da wata cuta ko ƙuduji ya fi ƙarfin sabon, a juya neman tsohon, babu. Makiyayi ya fi kowa gane wannan, domin wanda ya sayar da tsatson shanunsa kaf, kuɗi ba ya dawo masa da su.

Saboda haka tun shekarun 1980 hukumar binciken noma ta Sudan ta fara tara iri a Wad Madani. Ma'aikata kan bi ƙauyuka da kasuwanni su karɓi ɗan abin da bai fi cikin tafi ba, su rubuta sunan da manomi ke kiransa da inda aka samo shi. A busar da shi ƙayau, a rufe a 'yar jakar gwangwani mai laushi, a sa a firiza. Iri in ya bushe ya kuma sha sanyi, yakan yi shekaru masu yawa da ransa. Lokaci zuwa lokaci a ɗebi kaɗan a gwada tsirarsa, in ta fara rauni a shuka a sabunta. Da haka aka tara samfuri wajen 17,000: dawa, gero, riɗi, gyaɗa, kuɓewa, guna, da zoɓon da 'yan kasuwarmu suka sani da karkade.

Yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Da farko Wad Madani ce mafakar waɗanda suka gudo daga Hartum, amma a watan Disamba na shekarar ita ma ta faɗa hannun RSF. Ma'aikata suka watse, aka wawashe rumbun, aka zubar da jakunkunan iri. Kun san firiza ba wuta akwati ne kawai, balle a zafin Jazira. Sai a watan Janairun 2025 soja suka ƙwace garin.

Abin da ya rage asarar shi ne an riga an raba ƙafa. A can ƙuryar arewacin duniya akwai tsibiran Sibalbad na ƙasar Nowe, kimanin kilomita 1,300 daga ƙarshen doron ƙasa ta arewa. A 2008 aka buɗe wani rumbu da aka haƙa cikin dutse mai daskararriyar ƙasa, ana riƙe shi da sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Dokar wurin irin ta ajiyar amana ce: wanda ya kawo akwati shi ke da shi, ba mai buɗewa sai shi. Cibiyar IITA ta Ibadan na cikin waɗanda suka fara kai nasu, har da wake da gurjiya. Sudan ta kai wani kaso kafin yaƙi. Sannan a tsakiyar yaƙin, da taimakon asusun gaggawa na ƙungiyar Crop Trust, ma'aikatan suka fitar da wani kason, aka tantance shi a cibiyar NordGen, aka shigar da shi dutsen a watan Fabrairun 2025. Nau'in tsiro 15 ne, dawa iri-iri a gaba. Abin mamaki, abincin ƙasar da rana ke ƙona fata, an kai shi ɓuya inda rana ke yin watanni ba ta fito ba.

Wani zai ce, to in an kai, ana dawowa da shi? An taɓa yi. Cibiyar ICARDA da ke kusa da Halab ta rasa rumbunta a yaƙin Siriya, sai a 2015 ta karɓo ajiyarta daga Sibalbad, ta shuka a Labanon da Moroko, ta girbe, ta sake mayar da sabo.

Amma a ganina kada a zuzuta dutsen fiye da kima. Ƙwaya yake ajiyewa, ba ya ajiye sanin tsohuwar da ta san wace dawa ce ke yin fari a tuwo, ko dattijon da ke zaɓen zangarniya tun tana tsaye a gona ya rataye ta inda hayaƙi zai kore mata ƙwari. Wannan rumbun na gida shi ne ya fi shan wuya. A rikicin jihar Shuɗin Nilu na watan Yulin 2022 da na Oktoba, Hausawa da yawa sun bar ƙauyukansu da abin da ke jikinsu kawai. Mai gudun rai ba ya ɗaukar dami, kuma in yunwa ta matsa, irin shuka ma daka shi ake yi. Ciyayin kiwo da itatuwan da dabbobinku ke ci kuwa, masu tara iri sun fi ba hatsi muhimmanci a kansu.

Aikin da ke gaban ma'aikatan Wad Madani yanzu na haƙuri ne. Duk jakar da aka tsinto sai an gwada ko tana da sauran rai, sai an daidaita lambarta da abin da ke rubuce, in ba haka ba ta zama dawa marar suna. Wadda ta tsira a ba ta nata kunyoyin daban, kuma kafin ta yi fure a rufe kowace zangarniya da jakar takarda, don kada iska ta haɗa ta da maƙwabciyarta.