Tarihin Datse Fuska Mai Lanƙwasa da Zaɓen Manhajar Zane a Kwamfuta

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin yadda aka fara zana fuska mai lanƙwasa a kwamfuta, wato irin fuskar da ake gani a jikin mota ko fiffiken jirgin sama. Daga nan sai a dubi matsalar datse irin wannan fuska, da yadda matsalar ta shafi manhajar da masana'antu suke zaɓa domin zana abu mai tsawo da faɗi da kauri.

2.1 Asalin Al'amarin

Kafin zuwan kwamfuta, masu ƙera jiragen ruwa a Turai sukan zana jikin jirgi da ainihin girmansa a daɓen wani babban ɗaki. Sukan lanƙwasa siririn katako, su danne shi da dalma a wurare daban-daban, sannan su bi gefensa da fensir. A kamfanonin mota kuwa, samfurin katako ko na yumɓu shi ne alƙali, daga jikinsa ake ɗaukar awo. Illar wannan hanya ita ce, katako yana motsawa da zafi da danshi, kuma babu mai iya karanta wa injin yankan ƙarfe siffar da ke jikinsa.

A ƙasar Faransa aka fara shawo kan matsalar. A shekarar 1959, Paul de Casteljau, wani masanin lissafi a kamfanin Citroën, ya gano hanyar bayyana layi mai lanƙwasa da ɗigo kaɗan waɗanda ke jan layin zuwa gare su. Kamfanin ya ɓoye aikin a matsayin sirrin sana'a. Pierre Bézier na kamfanin Renault ya isa ga irin wannan sakamako ta tasa hanyar, ya kuma sami izinin bugawa, har ya gina tsarin UNISURF a kansa. Wannan ne ya sa har yau sunan Bézier ake kira, alhali de Casteljau ya riga shi. A Amurka ma, James Ferguson na Boeing a 1964, da Steven Coons na jami'ar MIT a 1967, sun fitar da nasu hanyoyin na ɗinke ƙananan fuskoki su zama babba.

A 1975 ne Ken Versprille ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Syracuse, inda ya bayyana tsarin da daga baya aka sani da NURBS. Fifikonsa shi ne yana iya zana da'ira cikakkiya, abin da layin Bézier na asali ba ya iyawa sai dai ya kamanta. Tun da injiniya ba ya rabuwa da rami da bututu, wannan fifiko ya isa ya sa masana'antu su rungume shi.

2.2 Matsalar Datsewa

Fuskar NURBS a bisa ɗabi'arta gefe huɗu gare ta, kamar ƙyallen da aka saƙa da zaren tsaye da na kwance. Ana iya miƙa ta, a lanƙwasa ta, amma tana nan da gefenta huɗu. To ita kuwa ƙofar mota tana da gurbin gilashi da ramin mariƙi, gefenta kuma ba ya bin saƙar. Dabarar da aka fito da ita ita ce datsewa. Sai dai kalmar tana iya ruɗar mai karatu, domin a haƙiƙa ba a yanke komai. Ana zana rufaffen layi ne a kan fuskar, sannan a umarci kwamfuta ta nuna abin da ke gefe ɗaya na layin, ta ɓoye ɗaya gefen. Cikakkiyar fuskar tana nan a ƙarƙashi, shi ya sa mai zane yake iya warware datsewar ya dawo da abin da ya ɓoye.

Wahalar tana fitowa ne idan fuska biyu suka ratsa juna, ana son a datse kowace a daidai inda suka haɗu. Masana lissafi sun nuna cewa layin haɗuwar fuska biyu irin waɗanda aka fi amfani da su, masu daraja uku ta kowane ɓangare, yana iya kai daraja 324. Babu manhajar da ke ajiye irin wannan layi yadda yake, don haka sai a kamanta shi. Bugu da ƙari, kamantawar sau uku ake yin ta: ɗaya a sarari, ɗaya a kan fuska ta farko, ɗaya a kan ta biyu. Waɗannan ukun ba sa dacewa ɗari bisa ɗari, saboda haka a kan sami 'yar kafa tsakanin fuskokin. Kowace manhaja tana da iyakar kafar da za ta kau da kai a kanta, ta ɗauka a rufe take. Muddin zanen yana cikin manhajar da aka yi shi, lafiya lau. Da zarar an kai shi wata mai tsaurin awo, sai ɗinkin ya buɗe, injin yanka ko manhajar gwajin ƙarfi ta ƙi karɓarsa.

An yi ƙoƙarin samar da harshe ɗaya na musayar zane. A 1980 aka fitar da ƙa'idar IGES a Amurka, wadda daga baya ta ware lamba 128 ga fuskar NURBS da lamba 144 ga datsattsiyar fuska. A 1994 ƙa'idar STEP ta biyo baya. Duk da haka, wani bincike da hukumar awo ta Amurka, NIST, ta ɗauki nauyinsa a 1999 ya ƙiyasta cewa rashin jituwar bayanan zane yana jawo wa masana'antar motocin ƙasar asarar aƙalla dala biliyan 1 a shekara. Kaso mafi tsoka na kuɗin yana tafiya ne wajen gyara zanen da aka karɓa ko sake shi.

2.3 Zaɓen Manhaja

Saboda wannan dalili, babban kamfani ba ya zaɓen manhaja don kansa kaɗai, har da masu kawo masa kaya yake zaɓa wa. Kamfanin jiragen sama na Dassault ya fara gina CATIA a 1977, aka kafa Dassault Systèmes a 1981 domin sayar da ita. Da ita Boeing ya zana jirgin 777 gaba ɗaya, wanda ya fara tashi a 1994, da ita kuma ofishin Frank Gehry ya fitar da siffar gidan tarihi na Guggenheim da aka buɗe a Bilbao a 1997. Ƙananan ofisoshi ba su da ƙarfin sayen irin wannan, sai da SolidWorks ta fito a 1995 da Rhino a 1998, dukansu a kan kwamfutar tebur mai Windows.

Masu fim ɗin zane sun bi wata hanya dabam. Su ba ruwansu da awon da injin yanka ke bukata, damuwarsu ita ce kada fata ta tsage idan ɗan wasa ya motsa, kuma a nan datsattsiyar fuska ta fi rauni. Sai suka koma ga dabarar Catmull da Clark ta 1978, wadda ke rarraba raga har ta yi sumul ba tare da ɗinki ba. Pixar ya gwada ta a gajeren fim ɗin Geri's Game a 1997. A 2003 Thomas Sederberg ya fito da T-spline domin rage bukatar ɗinke-ɗinke a zanen injiniya, Autodesk kuma ya sayi fasahar a 2011.

Ko suna ɗaya ma bai isa lamuni ba. Lokacin ƙera jirgin A380, injiniyoyin Airbus na Hamburg suna aiki da CATIA zubi na 4, na Toulouse kuma da zubi na 5, waɗanda ba sa karanta zanen juna kai tsaye. Da aka zo shimfiɗa wayoyin lantarki, masu tsawon kimanin kilomita 500 a kowane jirgi, sai aka tarar wasu ba su kai inda ya kamata ba. A 2006 kamfanin ya sanar da jinkiri, shugabanninsa suka sauka, kuma jirgin farko bai isa hannun Singapore Airlines ba sai a watan Oktoba na 2007.