BAREWA DA GONA: TARIHIN FARAUTA A ƘASAR DAURA DA DARASIN MAFARAUTAN AMURKA

Gabatarwa



A ƙasar Amurka akwai wata al'ada tsakanin mafarauta wadda in aka gaya wa manomin Kongolam ita zai ɗauka almara ce. Mutum zai ware eka ɗaya ko biyu a cikin dajinsa, ya yi sharar gona, ya zuba taki, ya shuka wake ko dawa ko alkama, alhali ba shi da niyyar girbe ko da zangarniya ɗaya. Domin barewa ya shuka, don ta zo ta ci, ta saba da wurin, ta hayayyafa, sa'an nan in lokacin farauta ya yi ya harbi abin da doka ta yardar masa. A wurinmu kuwa, dabbar da ta shiga gona ɓarna ta zo yi. Abin da nake so mu bincika yau shi ne, me ya ciyar da naman daji a ƙasar Daura a zamanin da, me ya raba shi da abincin nan, kuma wane abu za mu iya ɗauka daga dabarar mutanen Amurka.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a bambance dabbobin. Wadda Amurkawa suke noma dominta tana da ƙaho mai rassa, wanda yakan faɗi kowace shekara wani ya tsiro, kuma babu irinta a Afirka ta Yamma. Barewarmu dangin akuya da saniya ce, ƙahonta ɗaya ne har mutuwa. Amma tun da duka biyun ganye da ciyawa da 'ya'yan itace suke ci, zan kira waccan barewar Amurka don sauƙin bayani.

Dajin da yaƙi ya tsare

Kongolam yau tashar iyaka ce a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, arewa da birnin Daura, a kan hanyar da ta bi ta Matamaye zuwa Damagaram. A ƙarni na 19 ma yankin bakin iyaka ne, sai dai ta wata fuska. Bayan jihadi, Fulani sun riƙe birnin Daura, zuriyar sarakunan Haɓe kuma ta kafu a Zango da Ɓaure, ga Damagaram daga arewa tana ƙara ƙarfi. Haka aka yi a Katsina, inda sarakunan da aka kora suka zauna a Maraɗi. Tsakanin kowaɗanne abokan gaba biyu sai aka sami fili mai faɗi wanda ba mai iya noma shi, don gudun hari. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa irin wannan fili a farkon 1851 daga Gazawa zuwa Katsina, ya kuma ba da labarin daji mai hatsari da kangon garin Ɗankama a tsakiyarsa.

Waɗannan filaye su ne matattarar barewa da gada da gwanki da mugun dawa da jimina. Watau ke nan tsoron mahara ne ya tsare yawancin dajin wancan zamani. Wannan magana tana da muhimmanci, domin abin da tsoro ya tsare, ranar da tsoron ya kau ba shi da sauran mai tsaro.

Amma ba a cikin ƙungurmin daji kaɗai dabba take kiwo ba. Tsarin noman kakanninmu ya tanadar mata abinci ba tare da an yi nufin haka ba. Gona in ta gaji akan bar ta saura na wasu shekaru, sabara da kalgo da geza su rufe ta, ta zama maɓoya. Bayan girbi akwai ragowar harawar wake da kararan gero. Sa'an nan ga itatuwan da manomi ba ya sarewa, irin su aduwa da magarya da kanya, da kuma uwa uba gawo. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake kaɗe ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma yake yin ganye da 'ya'ya, daidai lokacin da dabba ba ta da abin ci. Ana ba da labari a Damagaram cewa Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Domin ƙasa da dabbobin gida aka yi dokar, amma barewa ta ci moriyarta.

Maharbi da ɗan farauta

Bahaushe ya bambanta maharbi da ɗan farauta. Harbi sana'a ce ta gado, mai shugabanninta kamar Sarkin Baka. Maharbi shi kaɗai yakan shiga daji, ko su biyu, da kwari da baka da dafi. Iliminsa shi ne sanin abin da kowace dabba take ci da inda take sha: wane gawo ne ya fara zubar da 'ya'ya, wane tafki ne bai ƙafe ba, ina ne ƙasa take da kanwa da dabbobi suke lasa. Can zai yi kwanto, ko ya ɗaura kan burtu a goshi ya rinƙa rarrafe yana kwaikwayon tsuntsun har ya kusato. Ashe ke nan jawo dabba da abinci ba baƙon abu ba ne gare mu, bambancin kawai shi ne maharbinmu yana amfani da abincin da ya tarar, Ba'amurke kuwa shi yake shukawa.

Farauta kuwa ta gayya ce, ta rani, bayan an kau da amfanin gona. Garuruwa sukan haɗu da karnuka da gora da barandami, ana kiɗa ana kirari, a yi wa daji ƙawanya. Ita ma tana da ƙa'ida. A yankin Maraɗi, Anna ba su shiga farauta sai an yi bikin buɗin daji, wanda masanin Faransa Guy Nicolas ya yi bayaninsa. Ko da yake tushen bikin na addinin gargajiya ne, sakamakonsa shi ne akwai watannin da daji yake a rufe. Musulunci kuma ya kawo nasa iyakoki. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, farauta don bukata halal ce, don wasa kawai kuwa makaruhi ce. Haka nan shari'a ta san hima, watau filin da shugaba yake keɓewa don amfanin jama'a, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba a raya ba, mai suna Ta'alimur Radi. Hurumi da burtali da muka gada suna da wannan asali.

Zuwan Turawa

Cikin shekaru kaɗan Turawa suka rushe sharaɗin da ya tsare dajin. An mayar da gidan Haɓe kan sarautar Daura a hannun Malam Musa, hare-hare suka tsaya. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka kafa alamun iyaka 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Talaka ya fito daga bayan ganuwa ya shiga saran daji. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta sami kasuwa, haraji kuma ya zama na kuɗi, sai kowa ya ƙara faɗin gonarsa. Da jama'a suka yawaita sai shekarun saura suka rinƙa raguwa, har aka kai ga noma gona ɗaya kowace shekara.

Gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kare namun daji a 1916, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963. Dokokin sun jera dabbobin da ba a taɓawa da waɗanda ake harbi da lasisi. Amma doka ta tsaya a kan maharbi, ba ta dubi abincin dabbar ba. Barewar da aka hana harbi, aka kuma nome maɓoyarta, an dai sāke mata hanyar mutuwa ne kawai.

An lura da lalacewar ƙasar tun da wuri. A 1935 masanin gandun daji E. P. Stebbing ya yi gargaɗi cewa hamada tana tahowa, abin da ya sa Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa ya zaga wannan iyaka a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga alamar rairayin Sahara yana malalowa ba, abin da ya gani shi ne aikin gatari da wuta. En'e-en'e sun keɓe gandayen daji, kamar na Rugu a ƙasar Katsina, an keɓe Gadabeji a Nijar a 1955, da Yankari a ƙasar Bauchi a 1956. Sai dai babu babban gandun namun daji da ya faɗo a ƙasar Daura, inda ruwan sama bai cika wuce milimita 700 a shekara ba, ga kuma yawan jama'a. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 suka ƙarasa abin da ya rage, domin mai jin yunwa ba ya tambayar lasisi.

Farauta ba ta mutu ba, tafiya ta ƙara nisa. Mafarauci da a dā yakan dawo gida da yamma, yanzu sai ya hau mota zuwa wata jiha. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa gida daga Fatakwal. Dazuzzukan da aka bari ba mai kula, irin Rugu, sun zama mafakar 'yan bindiga. Wannan shi ne kuɗin da muka biya.

Yadda Amurka ta dawo da tata

Kada a zaci Amurkawa ba su yi irin ɓarnarmu ba. Wajen 1900 barewarsu mai farar wutsiya ba ta wuce rabin miliyan ba a duk ƙasar, saboda harbin kasuwa da saran daji. Yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Dokar Lacey ta 1900 ta hana fatauci da naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba. A 1933 Aldo Leopold ya fitar da littafinsa kan kiwon namun daji, inda ya nuna cewa kayan da suka halaka dabba, watau gatari da garma da saniya da wuta da bindiga, su ne za su dawo da ita in an sarrafa su da ilimi. A 1937 aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta sa harajin bindigogi da harsasai ya rinƙa komawa ga gyaran mazaunin dabbobi. Gonar barewa daga baya ta yaɗu, bisa wannan harsashi. Abin sha'awa, cikin irin da suke shukawa a jihohin kudu har da wake da dawa, waɗanda asalinsu daga Afirka aka kai su.

Dabarar tana da sharuɗɗa biyu. Na farko, mai shuka yana da tabbacin cewa dajin nasa ne, ba wanda zai shigo ya harbe abin da ya tara. Na biyu, hukuma ta ƙayyade lokacin harbi da yawan abin da za a harba, kuma ana bin ƙa'idar. In babu waɗannan, gonar barewa tarko ce kurum, wadda za ta tara ragowar dabbobi wuri ɗaya a gama da su cikin rani guda. Tana kuma da illa ko a can, domin cunkoson dabbobi a wurin ci ɗaya yana yaɗa wata cutar ƙwaƙwalwa da aka fara gani a Kolorado a 1967, har jihohi da dama suka hana zuba wa barewa hatsi.

Kammalawa

A ƙasar da magidanci yake lissafin damin geron da zai kai shi wata damina, ba hankali ba ne a ce ya ware gona don barewa. Amma maƙwabtanmu sun nuna hanyar da ta dace da mu. Daga 1983, a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo da manoma suka fara renon tohon kututturen itatuwa a cikin gonaki maimakon sassabe shi. An ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 ta farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200, kuma dajin gawon da ke kewayen Matamaye da Magarya, ƙetaren Kongolam kaɗan, yana cikin wannan. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa 49 suka rage a 1996, amma da aka hana harbi aka kuma sa mutanen ƙauyuka cikin amfanin, sun haura 600, a tsakiyar gonakin gero da wake.

Saboda haka ina ba ma'aikatan gandun daji na Jihar Katsina da masarautar Daura shawara su fara daga itace, su tsare gawo da aduwa da hurumin da ya rage, domin abincin tunkiya shi ne na barewa. Sa'an nan a mayar wa Sarkin Baka da dagatai ikon rufe daji da buɗe shi, bisa doka rubutacciya, a kuma yi haka tare da hukumomin Nijar, tun da dabba ba ta san alamar iyaka ba. Ku kuma ɗalibai, tsofaffin maharban da suka san sunan kowane tafki da dabbar da take sha a cikinsa suna ƙarewa. Ku je ku rubuta abin da suka sani tun suna raye, domin da shi za a gane inda ya kamata a fara.