Gasar Pot Black

Pot Black gasa ce ta ƙwararrun 'yan wasan sunuka da gidan talabijin na BBC ya ƙirƙiro a Birtaniya, aka fara nuna ta a watan Yulin 1969. A lokacin tashar BBC2, ƙarƙashin jagorancin David Attenborough, tana neman shirin da zai fito da kyan talabijin mai kala. Sunuka kuwa ta dace, saboda koren teburinta da ƙwallayenta masu launi iri-iri.

'Yan wasa takwas aka gayyata a karon farko, aka ɗauki shirin a Birmingham. Ray Reardon ne ya lashe, bayan ya doke John Spencer. Yawanci zubi ɗaya tak ake bugawa a kowace karawa, don haka kuskure guda kan iya fitar da gwani. Ted Lowe, mai sharhi da murya ƙasa-ƙasa, ya yi suna a shirin.

Gasar ta taimaka ƙwarai wajen fito da sunuka daga ɗakunan kulob zuwa gidajen miliyoyin mutane. An dakatar da ita a 1986, ta dawo daga 1991 zuwa 1993, sannan daga 2005 zuwa 2007. Steve Davis ya ci kofin sau huɗu. Ken Doherty ne zakaran ƙarshe.